Ranar da Na Ɗaure Jirgin Abokina da Wayar Na'urar Kifi

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara ƙara ba in na miƙe, na tafka wata ɓarna wadda har yau in na tuna sai in ji zufa a bayan wuya. Mutanen Dogon Dutsi sun riga sun ba da labarin ta fuska goma, kowa da gishirinsa, to yau ku ji daga bakina.

Ni ɗan amalanke ne. Lakwal, wato makarantar boko, aji biyu na yi anka ga ba amfani. Amma ɗaurin kaya na iya shi. Tuluna, randa, ƙwan zabo, duk na ɗauka, ban taɓa fasa wa kowa abu ba. Da wannan sunan nike ciyar da gidana, ba ni da wani.

Ina da aboki tun na ƙuruciya, rana ɗaya anka yi mana kaciya. Ya yi shekaru a Kwatano wajen masunta, ya dawo gida da abu biyu: wani siririn jirgin roba mai ɗaukar mutum ɗaya, ja kamar tattasai, da na'urar gano kifi. Duk wahalar da ya sha a bakin teku, nan ya zuba ta. Matarsa shanun noma ta so, har yau ba ta fasa faɗa ba.

Na'urar kashi uku ce. Akwai gilashi kamar ƙaramar tele, shi ake kallo. Akwai batirin moto, wato babur. Sai wani ɗan baƙin abu da bai fi sabulun wanka ba, shi abokina yake kira ido, shi ke shiga ruwa. Doguwar waya baƙa ce ke haɗa idon da gilashin.

Yini guda munka yi a tsakar gidansa muna neman yadda za a kafa ta a jirgin. Na ce a gasa ƙusa a huda robar, an gama.

Ya ce, "Ka huda jirgina, in huda ka."

Sai munka gitta katako, munka ɗaure da robar tayar moto, gilashin ya zauna a kai. Batiri munka sa a bokitin fenti. Idon kuma munka ɗaure a bakin sanda, ta leƙa ta gefen jirgi. Ya ɗauko bahon wankin matarsa cike da ruwa, ya tsoma idon, wani layi ya fito a gilashi.

"Ka gani? Gindin baho ke nan!"

Na ce, "Ni ma ina ganin gindin baho, kuma ba batiri a jikina."

Tabkin da zai yi su yana wani ƙauye a kan hanyar Tibiri, babba ne, yana kai rani bai ƙafe ba. Ya riga ya je da goro ya gaida maigari da wani tsoho mai kula da tabkin, sunka yarda mishi. Ni ne zan kai jirgin. Da safe ya kwance komai, ya naɗe gilashin a zanen matarsa, ya rataya a ƙirji kamar jinjiri. Idon da wayarsa ya naɗe ya jefa cikin jirgi tare da batiri. Ya hau moto ya ce, "Gilashin nan shi ne raina, ba ni ba kowa." Ya yi gaba. Ni kuwa na ɗauka ke nan sauran duk tarkace ne.

Ban taɓa ɗaukar kaya mai taurin kai kamar jirgin nan ba. Ya fi amalanken tsawo, ga santsi, igiyar kaba ba ta kama shi. Da munka zo wata ƙorama mai yashi jakina ya fizga, igiya ta tsinke, jirgi ya sulale ya zauna ɗas a tsakiyar yashi. Wasu mata masu dawowa daga roron wake sunka tsaya.

Ɗaya ta ce, "Malam, ka makara, ruwan ya wuce tun watan jiya!"

Igiyata ta guntule. Na leƙa cikin jirgi, sai ga wayar nan, doguwa, baƙa, sumul. Wallahi ban ga waya ba, igiya na gani, kuma mai kyau. Na zagaya da ita sau uku, na dafa ƙafa a taya na ja iya ƙarfina. Na ji wani ɗan ƙis, na ce bayana ne. Idon ma ya yi mini amfani, da shi na saƙale ƙullin. Daga nan jirgi bai sake motsi ba. Har waƙa na yi a hanya.

Amma kafin in shiga ƙauyen na tsaya bayan wani gawo, na kwance wayar, na shafe ta da rigata, na naɗe ta yadda na same ta, na mai da guntuwar igiyata. Wanda bai san ya yi ɓarna ba ba ya tsayawa bayan gawo. Na sani.

Duk garin ya fito bakin tabki. Munka kafa komai kamar jiya. Abokina ya tuƙa zuwa tsakiya, ya danna. Gilashi ya kawo haske, amma fari fat, ba kifi, ba gindin tabki. Ya dawo, ya duba batiri, ya hura bakin waya, ya koma. Sau uku. A na ukun bai ɗago kai ba.

Sai wani daga cikin taron ya ce, "To, ai dama. Doguwar tabkin ga, aljanar da ke ciki, ba ta son a leƙa mata ɗaki."

Nan take magana ta kama. Mata sunka ja baya. Wani mai shanu ya ce a fidda jirgin yanzu kafin ta yi fushi ruwa ya ƙafe, dabbobi su rasa na sha. Wani ya ce sai baƙo ya kawo baƙar akuya, kuma ko ya kawo kada ya sake taka wurin.

Abokina ya matso kusa da ni, a hankali ya ce, "Ko wani abu ya faru a hanya?"

Na ce, "Lafiya lau."

Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ɗaga murya na ƙara da cewa, "Ni ma tun da na hango ruwan nan jikina ya yi sanyi." Ni, da bakina. Mutane sunka ce kun ji ko, har ɗan amalanke ya ji.

Tsohon nan mai kula da tabki yana zaune gindin tsamiya. Ya ce a miƙo mishi wayar. Ya riƙa bin ta da yatsu kamar mai sayen igiya a kasuwa. Ya tsaya inda ta lanƙwashe, ya sake tsayawa a wani wurin. Ya shinshina. Ya zaro wani ɗan gashin jaki daga jikin idon, ya ɗaga shi sama.

Ya ce, "Tun ina da haƙora nike hidimar mai tabkin ga. Ban taɓa jin ta iya ƙullin amalanke ba."

Bai dube ni ba, ruwa yake kallo.

"Ba ta damu da a leƙa ta ba. Ƙarya ce ba ta so a yi mata."

Ni mai salla ne, amma tsoro bai tsaya tambayar malamai ba. Na ji bakina ya ce, "Baba, ni ne."

Abokina ya juyo. "Da wayata? Ka ɗaure jirgi da wayata?"

Na ce, "Ai bai motsa ba."

Taron ya fashe da dariya, har mai shanun ya zauna ƙasa. Abokina kaɗai bai yi ba. Ya ce, "Na tambaye ka a kunne. Da ka faɗa, da ni da kai ne kawai." Ya bar jirgin a gidan tsohon, ya hau motonsa. Na koma da amalanke wayam.

Wayar ta gyaru. Tsohon ya miƙo mini ita, ni na kai ta wajen mai gyaran salula a kasuwa, ya tsaga ta, ya nuna mini wasu zare kamar gashi sun tsinke wuri biyu, ya liƙa da dalma. Abokina ya koma tabkin, ya kama tarwaɗa har rani, sannan ya sa wani ɗan amalanke ya dawo mishi da jirgin gida. Ni kuwa masu tuluna sunka guje ni wata da watanni, kuma har yau akwai masu cewa in na zo lodi, "Ku ɓoye cajar salula, ga shi nan."

Sunan ya dawo a hankali, mutane ba su iya dogon fushi da mai arha. Wayar ma ban cika zargin kaina a kanta ba, jahilci ne, kuma jirgin da gaske bai motsa ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ɗan lokacin nan da na tsaya ina kallo za a kori mutumin da munka taso tare daga inda ya sa ransa, ni kuwa ina ƙara wa wutar kara don kada a ce na ɓata kaya.

Bai yi mini magana ba sai da wata damina ta wuce. Ran nan ina ba jaki dusa ya shigo, ya ajiye ƙullin busasshiyar tarwaɗa a kan amalanke, ya ce, "Gobe za a mai da jirgi tabki. Ka zo da igiya biyu." Washegari bai hau moto ba. A bayana ya zauna, wayar na naɗe a wuyansa tun daga Dogon Dutsi.

Da munka yi nisa na ce, "To, ka yafe?"

Ya ce, "Wayar na yafe. Kora jakinka."

Ban sake tambaya ba, shi ma bai ƙara komai ba. Yanzu duk mun yi furfura, kullum da yamma tabarma ɗaya muke zama, kuma har yau ina jiran sauran.