Furfurar Ruwan Rijiya

A gefen tashar Malbaza, inda motocin siminti ke tsayawa, akwai wani dattijo, Malam Jaje, da har yau yake wankin hoto da hannu, irin na da, baƙi da fari. Siriri ne, tabaransa ɗaure da zare, faratansa sun rine da maganin hoto. Kafin ya tsoma takarda a ruwa sai ya ɗiba a tafi ya kurɓa, ya yamutsa fuska. Ruwan rijiyar unguwarsu zartsi ne, idan ya bushe a kan hoto sai ya bar farin tabo kamar gishiri. Shi ya sa yake ɓoyon tulun ruwan sama tun damina, kuma da wuya ko jikokinsa su san ɗanɗanonsa.

Yau tulun ya ƙafe, ga wata mai tallan nono ta zo karɓar hoton da ta bayar a ƙara wa girma, na mijinta da ya rasu da ƙuruciyarsa. Malam Jaje ya ɗaga hoton ya ja tsaki, don farin ya zauna a gemun mamacin.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri, ruwa ya ɓata aikin. Bari damina ta faɗi in sake miki."

Ta goge hannu a zane ta karɓa, ta daɗe tana kallo.

"A'a Malam, bar mini shi haka. Allah bai ba shi kwanan yin furfura ba. Yau na ga yadda za ta yi mishi kyau."