Shagon Kawu da Gajere

Kawuna kafinta ne, dogo, mara yawan magana. Tun yana saurayi ya buɗe shago tare da amininsa, wanda kowa ke kira Gajere. Kawu ya kawo zarto da guduma da hannunsa mai kyau, Gajere ya kawo baki, don shi ke iya shawo kan mai saye har ya tafi da kujerar da bai zo nema ba. Mutane kan ce in sun jera a hanya kamar tsani ne da akwatin kayan aiki.

Ranar da za a yi wa shagon rajista, Kawu yana fama da wata ƙofa da aka matsa masa a kanta, sai Gajere ya tafi ofis shi kaɗai. Da ya dawo ya ce, "Dogo, sun ce in mu biyu ne sai kowa ya je ya sa hannu. Na sa sunana tukuna, mu koma tare a gyara."

Kawu bai ko ɗago ba. "Ni da kai har sai da takarda? Riƙe min nan."

Ba su koma ba. Takardar haya ma da sunan Gajere aka yi, haka rasidin babban injin yanka katako da suka saya da gumin su biyu. Gajere yakan tuna masa jefi-jefi, Kawu yakan ce sai aiki ya yi sauƙi. Har furfura ta fito musu aiki bai yi sauƙi ba.

Wata safiya Gajere ya sunkuya zai ɗauki ƙusa, bai sake miƙewa ba.

Da aka zo rabon gado, aka lissafa shago da inji da sunan shagon cikin dukiyar mamaci. Babban ɗan Gajere, wanda ya tashi yana kiran Kawu Baba, ya zo gida ya durƙusa. "Baba, ni na san naku ne tare. Amma ba ni kaɗai ba ne, kuma sauran magada sun ce a nuna musu a rubuce."

Lauyan da muka kai shi wurinsa ya ce ana iya gwadawa, in akwai shaidun da suka ga farkon abin. Waɗanda suka gani, wasu sun rasu, wasu sun bar gari. Kawu ya ce ko da suna nan, ba zai tsaya a kotu yana nuna 'ya'yan Gajere da yatsa ba. Ya kwashe ƙananan kayan aikinsa a buhu ya fito. Aka sayar da shagon, wanda ya saya ya bar allon sunan shagon yadda yake.

Yanzu a bayan gida yake aiki, ƙarƙashin rumfar kwano. Ba ya bin titin shagon, ko da zagayen zai ninka masa tafiya. Matarsa ta ce wani lokaci takan ji shi yana gardama a kan tsawon katako, ta leƙa ta tarar ba kowa. Ni ma na taɓa ganin ya ɗaga gefen wani dogon katako ya tsaya, yana jiran a ɗaga ɗaya gefen.

Bara ni da ƙawata muka shirya buɗe shagon ɗinki. Da Kawu ya ji, ya sa hularsa ya ce mu wuce wurin lauya, ya kuma zauna tare da mu har aka rubuta komai: me kowa ta kawo, yadda za a raba riba, wa zai sa hannu a haya. Can ya yi gyaran murya.

"Lauya, in ɗaya ta mutu fa? Ana rubuta wannan ma?"

"Ana rubutawa, Baba. Layi biyu ne."

Ya ce a karanta masa. Aka karanta. Ya ce a sake. Sannan ya miƙe ya fita. Da muka gama na same shi a tsaye a bakin matakala, yana shafa ƙarfen da ake dafawa.

"Kawu, mu tafi?"

"Ku yi gaba, 'yata," in ji shi. "Ina zuwa."