Mai Cindo a Bisa Kanya

A zaurenmu na Kabara akwai wani farantin tagulla da muka gada daga kakanmu. Maƙeri ya zana farauta a jikinsa: ga ɓauna ta duƙar da kai, ga maharbi ya ja baka, ga kuma wani ɗan mutum maƙale a bisa kanya. Duk baƙon da ya shigo sai na nuna masa mai bakan, in ce, "Kakanmu ke nan."

Ranar sunan ɗana na fari, ƙanena ya ce a gaban mutane, "Yaya, ai Gwaggo ta ce kakanmu shi ne na bisa bishiya." Aka kwashe da dariya. Na kira shi maƙaryaci mai zubar da mutuncin gida, na ce ya fita. Ya fita kuwa. Shekara ashirin muna gaisawa a jana'iza da ɗaurin aure, amma bai sake taka zaurena ba. Laifina ne, girman kai ya hana ni nemansa.

Bara na ga farantin ya yi baƙi, na zauna na dirje shi da tsamiya da toka. Da dattin ya fita sai na ga hannun mutumin da ya riƙe reshe. Na sa tabarau na ƙirga yatsun. Shida! Kowa a gidanmu ya san kakanmu mai cindo ne, 'yata ma da shi aka haife ta. Na ƙirga na mai bakan, biyar cif.

Na naɗe farantin a zani, na hau adaidaita zuwa Gwammaja. Na tarar da ƙanena a ƙofar gida yana yanke farce. Na ajiye farantin a gabansa, na ce, "Ƙirga."

Ya ƙirga, ya dube ni. "Yaya, shekara ashirin ba ka wanke faranti ba?"

Na ce, "Ka yafe mini."

"Na yafe tun ranar, kafin in kai Ƙofar Mazugal. Zauna."

Muka yi dariya har da hawaye. Na ce abin da ke ba ni mamaki, tsohon da kansa ya sa aka zana shi haka.

Ya ce, "To, me zai ɓoye? Da bai hau kanyar nan ba, da ni da kai babu."

Ranar Juma'a ya zo zaurena cin tuwo. Yanzu shi ke nuna wa baƙi kakanmu a jikin farantin.