Kawunan da Yaya Ya Yanke

Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, sanƙarau ya kwantar da shi tun bai isa shiga makaranta ba. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ciwon ya tafi da jinsa. Sai ki tsaya a bayansa ki yi ta kira bai waiwayo ba. 'Yar maganar da ya iya kafin ciwon ma ta riƙa zubewa da kaɗan-kaɗan, har ya koma sai nuni da hannu.

A lokacin muna zaune a gidan gado cikin garin Daura, ba nisa da Kusugu, mu da yayan mijina da iyalinsa. Shi ne babba tun rasuwar mahaifinsu, abin da ya faɗa shi ke nan. Mijina kuwa dillalin dabbobi ne, rabin satinsa a hanyar Mai'adua yake ƙarewa, in ma yana gida ba ya iya ɗaga ido ya dubi yayansa.

Ƙanwata da ke koyarwa a Katsina ce ta kawo wa yaron littafi. Na koyon karatu ne na ƙananan yara, kowane shafi da hotonsa mai launi, a ƙasa an rubuta sunan abin da manyan baƙaƙe. Akwai akuya, akwai jaki, akwai zakara, akwai wata yarinya da tulu a ka. Ni iyakata firamare, amma na ga hanya a ciki. Sai in nuna masa hoton akuya, in ja shi zuwa turke in nuna masa tamu, in ɗora hannunsa a maƙogwarona in faɗi sunan, sannan in ɗora yatsansa a kan rubutun. Ranar da ya ɗauki gawayi ya kwaikwayi kalmar a bangon kicin, ya ruga ya kama kunnen akuyar yana dariya, kuka na yi, wallahi. Da littafin yake kwana.

Na je wurin hedimastan firamaren unguwarmu na roƙe shi. Da farko ya ce ba su karɓar kurame. Na nace, na koma, na sake komawa, har ya gaji da ganina. Ya ce in an dawo hutu in kawo yaron da littafinsa, idan ya ga da idonsa yana haɗa hoto da kalma, zai sa shi a bencin gaba a aji ɗaya. Dama ɗaya ce ya ba mu, ni ma na san ba zai ƙara ba.

A waɗancan shekarun ne aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Mun yi murna, ni ma na yi, har gobe kuma ba ni da ja. Matsalata da irin su Yaya ce, waɗanda suka wayi gari suka naɗa wa kansu alƙalanci a cikin gidaje. Mutumin da a da sai matarsa ta yayyafa masa ruwa yake tashi sallar asuba, shi ne ya koma bin ɗakuna yana duba bango. Ya sauke kalanda, ya sa aka cire hoton aurenmu, duk na yi shiru na ce gidansu ne.

Ana gab da komawa makaranta na tafi gaisuwar mutuwa da hantsi. Da na dawo na tarar da Yaya a zaure a kan tabarma, littafin a cinyarsa, reza a hannunsa. A gefensa ga 'yan ƙananan takardu ya tara. Sai da na sunkuya na gane kawuna ne, na akuya, na jaki, na yarinyar nan mai tulu. Yaron yana tsaye jikin bango yana kallo, ko motsi ba ya yi.

Na san wasu malamai kan ja layi da biro a wuyan hoto, shi ke nan an fita daga haramcin hoto. Yaya ya ce wannan wayo ne, shi ba ya yi wa addini wayo, sai ya ƙwaƙule kan gaba ɗaya. Bai ko juya shafin ya ga abin da ke baya ba. Duk kan da ya yanke ya tafi da rabin wani hoton na ɗaya gefen, wani wurin har da kalma.

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, "Yaya, kurma ne fa. Da wannan kaɗai yake ji."

Ya ce, "Gara ya tashi bai iya boko ba da mala'iku su ƙaurace wa gidan ubana."

Na ce to ya zaro kuɗin aljihunsa ya fara da kawunan da ke jiki, ya haɗa da katinsa na zaɓe. Ya ce ba ni da kunya, ba ni da tarbiyya, a gidanmu ba a koya mini magana da manya ba. Ya kwashe kawunan ya miƙa wa matarsa ta zuba a murhu, ya jefo mini littafin kamar ya yi mini alheri.

Da mijina ya dawo na zayyane masa komai. Ya sosa ƙeya ya ce in yi haƙuri, Yaya ne. Wannan kalma ta fi rezar yi mini ciwo. Limamin unguwarmu, dattijo mai karatu, da labari ya kai masa ya ce littafin koyar da yara ba abin da za a tsananta ba ne. Yaya ya ce malaman da ne, ba su waye ba. Na zaga kasuwa ban samu irin littafin ba, sai na lissafi da na manyan aji, ƙanwata kuma ta yi tafiya.

Sai na jiƙa ƙaro, na yayyanka farar takarda na liƙe ramukan, na zana kawunan da hannuna. Ni ba mai zane ba ce. Akuyata ta fito kamar kare, jakin kuwa ni kaina ban san me ya zama ba.

Ranar da muka je, hedimasta ya buɗe littafin a kan teburinsa, ya dube ni. Ya nuna wa yaron shafi. Yaron ya dubi hoton, ya dubi fuskata, ya rufe littafin a hankali, ya ɓoye hannayensa a bayansa. Na lallashe shi, na kama yatsansa, ya fizge. Ashe tun ranar zaure ya ɗauka laifi ne taɓa littafi. Hedimasta ya jira iya jira, sannan ya ce, "Baiwar Allah, ki kai shi gida."

Daga baya ƙanwata ta kawo sabo fil. Bai taɓa shi ba. In na buɗe sai ya tashi ya fita.

Yaya ya tsufa yanzu, ya yi laushi, jikokinsa suna kallon zanen yara a waya a gabansa yana dariya. Bai taɓa cewa in yafe masa ba, ina jin ma ya manta. In ya yi sallama ina amsawa, don wannan haƙƙin Musulunci ne, daga nan ba na ƙara ko harafi.

Ɗana ya zama tela, yana da mata da 'ya'ya, alhamdu lillahi. Abokansa kurame duk da rubutu suke hira a waya yanzu. Shi in saƙo ya shigo masa, sai ya bar keken ɗinki ya tako har gidana, ya miƙo mini wayar, ya tsaya yana kallon hannuna in faɗa masa abin da aka ce.