Ranar da Baba Tamanin Ya Wuce Ɗari

Shekara talatin da ɗaya Baba Tamanin ya yi yana jan babbar motar wani kamfani mai yanka gilasan tagogi da madubai. Kayan da yake ɗauka ba sa son gaggawa. A tsaye ake jera su a bayan mota, a jingine da katako, a cusa soso a tsakani, a ɗaure da bel, sannan a miƙo masa takarda ya sa hannu. Daga nan duk abin da ya tsage a hanya shi za a kalla. Shi ya sa tun yana da sauran baƙin gashi ya kafa wa ƙafarsa doka: allurar maleji ba za ta wuce tamanin ba, ko da titi ya miƙe kamar zare, ko da na baya ya danna hon har hannunsa ya gaji. Abokan aiki suka liƙa masa sunan don tsokana, suna kuwa ya bi shi har gida. Matarsa ma in ta so jan magana da shi take kiransa.

A duk tsawon shekarun nan madubi ɗaya ne ya taɓa fashewa a motarsa, shi ma wajen saukewa ne, a hannun wani. Kuma ba a taɓa tsayar da shi a hanya saboda gudu ba. Ba mai yabon kai ba ne, amma in hira ta yi daɗi yakan san yadda zai karkato da ita har ta biyo ta nan, ya faɗi maganar a hankali yana kallon ƙasa, kamar wanda aka tilasta.

Gwiwar dama ce ta sauke shi daga mota. Da farko sai da safe take yi masa tsami, daga baya ta koma in ya yi awa guda yana taka totur sai ta kumbura ta yi suntum kamar an hura. Kamfani ya sallame shi cikin mutunci, aka ba shi agogon bango da wani dogon madubi, matarsa ta rataye su a falo suna kallon juna. Ya zauna a gida. Ya gyara famfon da ya shekara biyu yana ɗiga, ya shuka barkono a tsofaffin tayoyi, ya koyi sunayen duk kajin maƙwabta. Bai yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ne ke sukarsa: autarsu, wadda ke aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, tana zaune da mijinta a wani gari mai tafiyar awa biyu, kuma shi da ya yi rayuwarsa a kan titi sai dai ya shiga motar haya a matse shi a kujerar baya, yana kallon wani yana tuƙin da bai gamshe shi ba.

Da surukin nasa ya sake mota, sai shi da Auta suka kawo masa tsohuwar. Ƙarama ce, ruwan toka, otomatik, ba kulochi. Surukin ya zaunar da shi a mazaunin direba ya nuna masa wani maɓalli a jikin sitiyari.

"Baba, wannan saboda gwiwarka ne. Ka kai ta gudun da kake so, ka danna nan, ka ɗauke ƙafarka. Ita za ta riƙe."

"Ta riƙe da me?" in ji Baba Tamanin.

"Haka aka yi ta. Kai dai sitiyari ne naka."

Bai yarda ba sai da ya gwada. Sati biyu kullum da hantsi yana fita kan babban titin da ya zagaye gari, shimfiɗaɗɗe ba hawa ba sauka. Ya kai ta tamanin, ya danna, ya janye ƙafa a hankali kamar mai sauke jariri. Allura ta tsaya cak kamar an buga mata ƙusa. Ya miƙe ƙafar, ya ji gwiwa ta yi ajiyar zuciya. Ran nan ya dawo gida yana murmushi shi kaɗai.

"Na samu wadda ta fi ni riƙon alkawari," ya ce wa matarsa.

"To Allah ya bar ku tare," ta ce, ba ta ko ɗago kai daga ɗinkinta ba.

Ba a yi wata ba Auta ta haihu, mace. Suka shirya da safe. Matarsa ta zauna gaba, ta rungume kwandon kayan jariri da ta yi wata uku tana ɗinkawa, ta ƙi yarda a sa shi a but.

Hanyar garin Auta akwai wani tudu a tsakiyarta. Ana hawa a hankali, sannan a samu gangara mai tsawon kusan kilomita shida, da kwana a wuri biyu, ta ƙare a kan gada. Baba Tamanin ya sauka gangaren nan da gilashi a bayansa sau da yawa har ba ya iya ƙirgawa. Ya san kowane rami, ya san bishiyar da yake rage giya a dabra da ita. Amma a wannan motar bai taɓa sauka ba.

A hawan tudu mota ta yi abin kirki. Ya ji injin ya ƙara murya da kansa, allura tana nan a tamanin. Ya dubi matarsa ta wutsiyar ido ko ta lura. Suka kai ƙololuwa, hancin mota ya sunkuya, suka wuce bishiyar nan. Ƙafarsa ta motsa don sabo, ya hana ta.

Allura ta taɓa tamanin da biyar. Ya ce a ransa yanzu za ta dawo. Ta kai casa'in. Injin ya yi shiru, sai ƙarar iska da ta tayoyi. Ya dubi ɗan koren hasken da ke nuna maɓallin yana aiki, yana nan a kunne. Suka sha kwanar farko, kwandon ya karkata a cinyar matar.

"Maigida, yau sauri muke yi ne?"

"Za ta riƙe," ya ce.

Ba ta riƙe ba. Da suka fito daga kwana ta biyu allura ta haye ɗari, gada tana tahowa. A nan ne ya taka birki, ba da ƙarfi ba, taka-saki irin na wanda ya san aiki, hasken ya mutu, mota ta lafa. Sai dai ya makara. A bakin gada wata jami'ar kula da hanya tana tsaye da na'urar auna gudu a hannu, ta riga ta ɗaga masa ɗayan hannun.

Ya gangara gefe ya tsaya. Yarinya ce, ba za ta girmi Auta ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta karɓi lasin, ta juyo masa da fuskar na'urar.

"Baba, ɗari da huɗu. Nan kuma tamanin ne iyaka."

Ya so ya ce mota ce, amma a rayuwarsa ya sha yi wa direbobi dariya in suka ɗora laifi a kan mota.

Matar ta leƙo ta kan kwando. "'Yata, wannan da kike gani Tamanin ake ce masa. Shekara talatin ina fama da shi ya ƙara ko ɗaya ya ƙi. Yau ɗaya da ya yi zuciya sai ga ki."

Jami'ar ta danne dariya. Ta dubi kwandon, ta tambaya, aka ce mata jika za a gani. Ta miƙo lasin.

"Allah ya raya. Baba, a dinga sassautawa a gangara. Mota in ta samu sauka ba ta jin magana."

Da ta ci shi tara da ya fi masa sauƙi. Yarinya ƙarama ta koya masa sauka gangara, kuma gaskiya ta faɗa. Ya ja mota suka ƙarasa.

Jaririyar ta wanke masa zuciya. Aka ɗora masa ita a hannu, ya riƙe ta yadda yake riƙe madubi mai tsada, yana kallon 'yan yatsunta suna buɗewa suna rufewa. Amma matar ba ta bar labarin ya kwana ba. Kafin la'asar Auta ta yi dariya har tana riƙe ciki tana roƙon a bari, surukin kuma ya sosa ƙeya ya ce shi bai taɓa lura ba, don a gangara ƙafarsa kan birki take tun daga sama. A hanyar dawowa Baba Tamanin bai taɓa maɓallin ba. Da ƙafa ya tuƙa, gwiwa ta kumbura, ya kwana biyu yana gasa ta da ruwan zafi.

Rana ta uku ya kai motar garejin Kunne. Kunne tsohon bakanike ne, sa'ansa, shi ke duba motocin kamfanin gilashi tun da can. Ana ce masa haka don kafin ya buɗe bonet yakan tsaya ya saurari injin, sau da yawa ya faɗi cutar kafin ya taɓa sifana. Ya saurari labarin yana goge hannu da tsumma, bai katse ba.

"Tashe ta," ya ce. Ya karkata kai ya saurara. "Lafiyarta lau."

"Lafiyarta lau ta kai ni ɗari da huɗu?"

"Zauna in tambaye ka. In kana son mota ta ƙara gudu me kake yi?"

"In taka totur."

"In kana son ta rage?"

"In saki. In bai isa ba in rage giya, ko in taka birki."

"To wannan abin naka totur kaɗai aka damƙa masa. A hawa ya ƙara mai, a sauka ya rage. Da kuka fara gangarowa ya rage, ya rage, har ya saki gaba ɗaya. Daga nan ba shi da sauran dabara. Nauyin mota ne ke jan ku, shi kuma ba a ba shi birki ba. Akwai sababbi da ke rage giya da kansu, wasu har birki suke takawa. Taka ba ta kai nan ba."

Kunne ya zura hannu a aljihun gaban mota ya zaro littafin da ya zo da ita, har yanzu a cikin ledarsa. Ya laluba shafi ya miƙa masa. Baba Tamanin ya sa tabarau ya bi layin da yatsa. A rubuce yake: a gangara mai tsawo mota tana iya wuce gudun da aka sa mata, direba ya rage giya.

Kunne ya nuna masa sandar giya. "Ga uku nan, ga biyu. Ba ado ba ne. Kai da ka tsufa kana sauka tudun nan a giya uku."

Baba Tamanin ya dubi sandar. Sannan ya ce, "Ka san abin da ya fi ci mini rai? Tun tana tamanin da biyar na gani. Ƙafata ma ta sani. Na zauna ina jira don an ce mini za ta riƙe."

"Gwanin ruwa shi ruwa ke ci," in ji Kunne. "Kai ko ɗan jiƙa ka ya yi."

Suka yi dariya tare, ta tsofaffi, wadda ke ƙarewa da tari.

Asabar ta sama suka sake kama hanya. A shimfiɗaɗɗen titi ya danna maɓalli ya huta da gwiwarsa, a hawa ma ya bar shi. Da suka zo dabra da bishiya ya kashe shi, ya ja sanda zuwa uku. Injin ya ɗauki wannan gurnani da ya sani, mota ta sauka a natse, allura tana wasa tsakanin saba'in da saba'in da biyar, birki sau biyu kawai ya taɓa. Matar har gyangyaɗi ta yi. Tun daga nan tafiyar ta zame musu ta duk bayan sati biyu. Labari kuwa Kunne ya kai shi wajen tsofaffin abokan aiki, wasu suka koma kiransa Ɗari da Huɗu. Da farko yakan ɓata fuska, daga baya ya zama shi ke ba da labarin da kansa, har yana kwaikwayon muryar jami'ar.

Da jikar ta fara rarrafe likita ya ce gwiwar sai an yi mata aiki, kuma bayan aikin zai yi sati shida bai tuƙa ba. Ya dawo ya faɗa wa matarsa. Ta ajiye almakashi.

"Sati shida ban ga yarinyar nan ba? Ai kafin nan ta fara tafiya ba ni."

"Sai ki shiga ta haya."

"Ga mota a ƙofar gida? Ka koya mini."

Ya dube ta ya ga ba wasa take ba. Shekararta hamsin da bakwai, keken ɗinki ne kaɗai abin da ta taɓa takawa.

Washegari da safe ya kai ta filin da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda ba kowa sai awaki. Suka yi musayar kujera. Ta matso da tata gaba har sau uku, ta gyara madubi, ta riƙe sitiyari da hannu biyu kamar za a ƙwace mata. Ya nuna mata birki da totur, ya sa ta taka kowanne sau goma mota tana kashe. Sannan ta tayar, ta saki birki, mota ta fara tafiya a hankali, awaki suna matsawa ba tare da gaggawa ba. Ta kai har bakin katanga ta tsaya da ɗan ƙarfi, kansu ya yi gaba ya dawo.

"Ya ka gani?" ta ce.

"Ƙafarki tana da nauyi a birki. Amma hannunki na da kyau."

"Yaushe zan hau titi?"

"Juya ki koma tukuna," ya ce, ya gyara zama ya miƙe gwiwarsa. "Wannan karon ki bar wa akuyar can hanya."