Kwalabe Uku daga Kara

Mun tashi daga Kano da asuba, ni da abokiyar aikina da direba, muka nufi Gwarzo. Wa'adinmu ƙarfe huɗu: wani malaminmu zai hau jirgi da yamma, shi zai tafi da samfurin bincikenmu ɗakin gwaji a ƙasar waje. Idan ya tashi babu shi, aikin shekara biyu ya tsaya.

Abin da muke nazari ƙwayar sinadari ce guda ɗaya tak. Ana maƙala ta tsakanin wayoyin zinare biyu da ido ba ya gani, a haska mata fitila, a duba ko za ta bar lantarki ya wuce, kamar makunni. Mu kuwa jan launin karan dafi, wata irin dawa mai jan kara, muke son a gwada.

A Gwarzo muka karya da ƙosai da kunun tsamiya a tsaye, muka gangara wani ƙauye a yankin Kara. Hanyar duk zaizayar ruwa, sau biyu cikin motar yana gogar ƙasa. Dattijon da ya noma mana karan bai yarda an taɓa gona ba sai da muka gaisa har kan jikoki. Muka jiƙa ɓawon a sifirit, muka tace cikin kwalabe uku, muka naɗe da baƙar leda, domin ba mu son rana ko ƙura ta taɓa shi.

A hanyar dawowa, wajen Kabo, 'yan sintiri suka tsayar da mu. Ƙarfe biyu ta wuce. Wani matashi da bindiga a kafaɗa ya ɗago kular da muka zuba kwalaben a ciki, ya ce, "Malam, mene ne a ciki?"

Na ce, "Ruwan karan dafi ne."

"Dafi?" Ya ja da baya. "Ku fito duka!"

Ya zaro kwalba ɗaya, ya fara warware ledar a tsakiyar rana. Na soma bayanin lantarki da zinare, sai na ƙara jagula lamarin, don jin zinare ya sa ya kira sauran. Abokiyar aikina ta roƙe shi ya koma inuwa, ya ƙi.

Babbansu, mai furfura, ya ƙaraso ya karɓi kwalbar, ya kare ta da hularsa ya leƙa. Ya ce, "Kai, wannan ai da shi mahaifina yake rina fata. Rufe musu."

Kwalba ɗaya ta riga ta sha rana da ƙura, mun haƙura da ita. Biyun muka miƙa wa malamin a ƙofar filin jirgi, yana ta duba agogo.

Na isa gida bayan magariba, ko abinci ban iya ci ba. Na shekara ina bayyana wannan aiki ga masana da Turanci, amma ranar da ya kusa salwanta, na kasa faɗinsa da harshen uwata. Tun washegari na fara koyon bayyana shi da Hausa.