Takardar da na liƙa a jikin kwalbar kifi

Na haura arba'in kafin na iya rubuta sunana. Bayan la'asar muke ajin manya a wata makarantar unguwa nan Gadarif, kowace da warin hayaƙin girki a mayafinta. Ustazar da ke koya mana tana da akwatin gilashi a gida, cike da wasu kifaye ƙanana da take kira gubbi. Babbansu bai kai ƙaramin yatsana ba. Mazan ne masu ado, wutsiya ja da shuɗi, matan kuwa launin toka, kuma haihuwa suke yi, ba ƙwai ba. Ranar da na karanta shafi guda ban tsaya ba, ta ɗebo shida ta zuba mini a babbar kwalbar alawa irin ta masu kanti.

Ta koya mini riƙonsu. Abinci ɗan abin da yatsu biyu suka tsinta, sau ɗaya a yini. Ruwan da mai amalanken jaki ya kawo sai ya kwana a buɗe kafin a zuba musu, kuma ba a canja shi duka, sai kashi ɗaya cikin uku. Wata biyar ina yi. Sun haihu har sun kai goma sha huɗu, 'ya'yan kamar ƙwayar riɗi mai ido. A gidan nan komai na kowa ne, har tabarmar da nake salla a kai. Su kaɗai ne nawa.

Da kaka ta yi, ni da matan unguwa muka samu aikin yankan riɗi a Gedambaliya, mako biyu. Yayata, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ita na bar wa su. A nan na yi wauta. Da bakina zan iya faɗa mata komai, amma ina so a ga na iya. Na zauna na rubuta layi huɗu da haruffan Larabci, na goge na sake har sau uku, na liƙa a jikin kwalbar. Yaya ba ta karatu. Na ce mata Malam, mijina, zai karanta mata. Shi ma na gaya masa, ya gyaɗa kai yana jin rediyo.

Yaya mace ce da ba ta iya ganin mai rai ta bar shi da yunwa. Duk sanda ta ci kisra, wainar dawar nan mai faɗi, sai ta marmasa musu, safe, rana, yamma. Ruwa ya yi kauri kamar ƙullun koko. Sai ta yi abin da kowace mace a garin nan take yi wa ruwa mai laka tun muna yara: ta ɗauko alif, wanda muke ce wa shab, ta kaɗa a ciki don ya kwanta. Layi na huɗu a takardata cewa ya yi kada a sa musu shab.

Na dawo hannuwana duk sun tsage, na tarar da kwalba an wanke ta tas, an kife. Yaya tana kuka tana cewa ruwan fa ya yi garau, wallahi ya yi garau. Ban iya yi mata faɗa ba. Wurin Malam na nufa, yana shan shayi a inuwa.

"Na ga takardar," in ji shi. "Na ɗauka darasinku ne kike maimaitawa. Kifin da ko miya ba zai yi ba, shi ne za ki tayar mana da hankali?"

Na ɓamɓare takardar na ɗora masa a gwiwa, na ce ya karanta da ƙarfi, Yaya ta ji. Ya yi dariya, ya ga ban motsa ba, sai ya ajiye kofin. Ya karanta layi huɗun nan tiryan-tiryan, bai yi tuntuɓe ko a harafi ɗaya ba. Ko minti ɗaya bai ɗauke shi ba.